Kalmar Turanci "accrue": me take nufi, kuma ina ta rabu da "grow" da "accumulate"?

Neman_Sani

Assalamu alaikum, malamai. Ina roƙon a warware min wata kalmar Turanci, "accrue". Ƙamus ya ce ma'anarta ƙaruwa sannu a hankali, amma jimlolin da nake cin karo da su sun ƙi tsayawa wuri ɗaya. Ga guda uku:

"Interest accrues daily on the outstanding balance."
"The benefits accruing to small farmers were limited."
"The cause of action accrued on 3 March."

Ta farko na ɗan gane, kuɗin ruwa ne ke hauhawa kullum. Ta biyu ban san me ya kawo "to" a ciki ba. Ta uku kuwa ita ta ɗaure min kai, domin yaya abin da aka ce a hankali yake ƙaruwa zai auku a rana ɗaya tak? Sannan idan girma take nufi, zan iya cewa "the child accrued" ko "the town is accruing"? A kuma taimaka min da yadda ake furta ta. Na gode.

Malamin_Nahawu

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Bari in fara da furucin, tunda shi ya fi sauƙi. Gaɓa biyu ce, ƙarfin murya yana kan ta biyu: a-KRUU. Ta farkon gajeriya ce ƙwarai, kamar an haɗiye rabinta. Idan kin iya faɗin "a crew" kin gama, sautinsu ɗaya ne. Inda muke zamewa shi ne harshenmu bai saba da baƙaƙe biyu a farkon gaɓa ba, sai mu cusa wasali tsakanin k da r, kalmar ta koma "akuru". A rubuce kuma c biyu ne, r ɗaya. Sauran sigoginta su ne "accrues", "accrued" da "accruing", inda e ta faɗi kafin ing. Sunan da aka ciro daga jikinta shi ne "accrual".

Jimlolinki biyu na yaro da gari duka ba su yi ba. Laifin na gajeren bayanin ƙamus ne. Ki ɗauki bokiti a ƙarƙashin famfon da ke ɗiga. Akwai bokitin da ke cika, akwai kuma ɗigon da ke faɗawa ciki. "Grow" tana magana a kan abin da ke cika ko yake girma. "Accrue" tana magana a kan ɗigon, wato ƙarin da ke zuwa yana hawa kan wani abu. Shi ya sa Bature zai ce "the debt grows" amma ya ce "interest accrues". Bashin shi ne bokitin, kuɗin ruwan shi ne ɗigon. Yaro kuwa shi kansa ne ke girma, ba ƙari ba ne a kan wani abu, don haka "the child grew". Gari ma "the town is growing" ko "is expanding".

Da Hausa abin ya fi fitowa fili. Ba ma cewa yaro ya taru, cewa muke ya girma. Duk inda "taru" ta ƙi shiga a jimlar Hausa, to kusan tabbas "accrue" ma ba za ta shiga a ta Turanci ba. Sai dai kada ki juya ƙa'idar, domin akwai abubuwa da yawa da ke taruwa amma "accrue" ba ta karɓarsu. Mutane sun taru, "people gathered". Ƙura ta taru, "dust accumulated". Abin da "accrue" ke so shi ne wanda ake lissafawa a takarda kuma yana da mai shi ko wanda zai biya: kuɗin ruwa, riba, kwanakin hutu, haƙƙin fansho, maki, tarar jinkirin biya, amfani. Kuma lokaci ne ko ƙa'ida ke kawo shi, ko mutum yana barci lissafin na tafiya.

Ƙananan kalmomi uku ne ke yawan bin ta, kowace da aikinta. "On" tana nuna abin da ƙarin ke hawa kansa, kamar a jimlarki ta farko, inda ruwan ke hawa kan ragowar bashin da ba a biya ba. "From" tana nuna inda ƙarin ya fito: "savings accruing from lower fuel use", rarar da aka samu sakamakon rage shan mai. "To" kuma tana nuna wanda abin ya faɗa hannunsa, aikin da "wa" ko "ga" ke yi a Hausa. Jimlarki ta biyu ke nan: amfanin da ya kai ga ƙananan manoma bai taka kara ya karya ba. Nan ne ake yawan kuskure, mutum ya sa "for" saboda a kansa yana fassara "domin". "Benefits accrue to workers" ake cewa. Kuma ba a cewa "benefits were accrued to workers", domin ba wani ne ya aikata ba, amfanin da kansa ya isa gare su.

Akwai kuma batun karɓau, wato abin da aikin ke faɗawa a kansa. Hausa ta raba "tara" da "taru": na tara kuɗi, kuɗi sun taru. Turanci ya haɗa su a siga ɗaya. "Leave accrues monthly" taru ce, "she has accrued ten days of leave" tara ce. Amfani na farko, marar karɓau, shi ne tsohon. Na biyun an daɗe wasu masu tsaurin ra'ayi kan nahawu suna ƙyamarsa, amma manyan ƙamusoshi na yanzu suna kawo duka biyu, kuma takardun aiki cike suke da shi. Ki yi amfani da shi hankali kwance.

Asalin kalmar, ga mai sha'awa: ta shigo Turanci ta hanyar tsohon Faransanci, shi kuma ya samo ta daga Latin "accrescere", wato "ad" mai nufin zuwa ga, da "crescere" mai nufin girma. Daga wannan saiwar ce "increase" da "decrease" suka fito, haka ma "crescent", jinjirin wata, don wata ne mai kan girma. Har "crew" ɗin da na kwatanta furuci da ita 'yar gidan ce, tun farko ƙarin mayaƙa take nufi.

Akanta_A_Ofis

Malam ya share hanya. Ni zan tsaya a kan abu ɗaya da ke jawo rigima tsakanin mutane da banki ko da wurin aiki: abin da aka ce ya yi "accrue" bai shiga hannu ba tukuna. An dai rubuta shi a lissafi, ya zama haƙƙi ko bashi, amma ba a biya ba. Kalmomi uku ne ake cakuɗawa, kuma kowace da ranarta. "Accrue" ita ce lissafin ya hau. "Compound" ita ce a haɗe abin da ya hau da uwar kuɗi, shi ma ya fara haihuwa. "Pay" ko "credit" ita ce a biya ko a zuba a asusu. Takarda ɗaya tana iya cewa "interest accrues daily and is paid quarterly", ma'ana kullum ana lissafi, amma sai bayan wata uku-uku ake biya.

Ga yadda lissafin jimlarki ta farko yake. A ce ragowar bashi 100,000 ne, ruwa kashi 12 cikin 100 a shekara. Na shekara 12,000 ke nan. A raba da kwana 365, kullum 32.88 ke hawa. Bayan kwana 45, abin da ake kira "accrued interest" ya kai 1,479.45. Amma ki duba takardar da kyau, domin wasu yarjejeniyoyin da kwana 360 suke rabawa, ba 365 ba. Da wannan ƙa'idar, kwana 45 ɗin nan 1,500 ne cif. Bambancin 20.55 ne kawai a nan, amma in kuɗin ya kai miliyoyi sai ya zama abin faɗa. Wannan ƙa'ida sunanta "day count", za ki gan ta an rubuta Actual/365 ko Actual/360 ko 30/360, inda ta ƙarshen ke ɗaukar kowane wata a matsayin kwana 30.

Idan kuma ana haɗe ruwan da uwar kuɗi duk wata, kashi 1 cikin 100 ke nan a wata, kuma a ƙarshen shekara abin da ya hau 12,682.50 ne maimakon 12,000. Wannan ƙarin 682.50 aikin "compound" ne. Kada a ɗora wa "accrue" laifinsa, ita ba ta faɗi ko ruwan na haihuwa ko ba ya yi ba. A takardun bankunan da ba sa mu'amala da ruwa ma za ki ga kalmar, sai dai a ce "accrued profit" ko "accrued rent".

Hutun aiki haka yake tafiya. Mai kwana 24 a shekara, kwana 2 ke taruwar masa duk wata. Mai kwana 21 kuwa 1.75. Wanda ya fara aiki a Janairu ya nemi hutun kwana 15 a ƙarshen Afrilu, za a ce masa kwana 7 kawai ya tara idan na 21 ne. A Birtaniya, inda doka ta ba da hutun mako 5.6 a shekara, ana lissafa wa masu aikin da ba shi da tsayayyun awoyi kashi 12.07 cikin 100 na awoyin da suka yi. Lambar ta fito ne daga raba 5.6 da 46.4, wato makonnin da suka rage a cikin 52.

A wurinmu akantoci kuma kalmar tana da wata ma'ana ta daban, wadda mutum ne ke aikatawa da hannunsa: "to accrue an expense", a shigar da kuɗin da aka riga aka ci amfaninsa cikin littafi tun kafin takardar biya ta iso. Misali wutar lantarkin da kamfani ya sha a Disamba, takardar kuɗinta ba za ta zo ba sai Janairu. Ranar 31 ga Disamba sai a ƙiyasta, a ce 50,000, a rubuta shi cikin kuɗaɗen da aka kashe a Disamba, a kuma rubuta shi cikin bashin da ke kan kamfani. Da takardar ta iso da 53,000, sai a warware wancan shigarwar ta 50,000, a shigar da ta gaskiya, ragowar 3,000 ta faɗa Janairu. Abin da ke ɓacewa a nan sananne ne: a manta da warwarewar, sai wutar wata ɗaya ta fito sau biyu a littafi, ribar Janairu ta ragu da 50,000 ba gaira ba dalili. Wannan tsari shi ake kira "accrual basis", kishiyar "cash basis" wadda ba ta rubuta komai sai kuɗi ya motsa. A wannan ma'anar "was accrued" da "accrue for" daidai suke, kamar "we need to accrue for the audit fee". To ka ga, Malam, "for" ma tana da ɗan ɗakinta.

Malamin_Nahawu

Gaskiyarka, ranka ya daɗe, na karɓi gyara. Sai dai a lura, "for" ɗinku tana nuna abin da aka yi wa tanadi a littafi. Wanda amfani ya isa gare shi har yanzu "to" ce tasa.

Mai_Karatun_Shari'a

Jimla ta uku tamu ce, kuma 'yar'uwa ba ki yi kuskure ba da kika ga ta saɓa da sauran. A harshen kotu "accrue" ba ta nufin taruwa kaɗan-kaɗan. Tana nufin haƙƙi ya tabbata, ya cika sharuɗɗansa, har mai shi zai iya tsayawa gaban alƙali ya nema. "Cause of action" shi ne dalilin da ya ba mutum damar shigar da ƙara. Fassarar jimlar ke nan: damar shigar da ƙara ta tabbata ranar 3 ga Maris. Dangantakarta da sauran ma'anonin ita ce ta "accrue to" da Malam ya bayyana, wani abu ya faɗa hannun wani ya zama nasa.

Dalilin da ya sa lauyoyi ke ja-in-ja a kan wannan rana shi ne daga ita ake fara ƙirga wa'adin ƙara. Dokar Ingila ta ƙayyade wa'adi, Limitation Act ta 1980, misali ce mai kyau don da wannan kalmar aka rubuta ta. Ta ba da shekara 6 ga ƙarar saɓa yarjejeniya ta yau da kullum, tun daga ranar da damar ta yi "accrue", da shekara 3 ga ƙarar rauni a jiki, wanda ake iya ƙirgawa daga ranar da mutum ya san da raunin idan ita ce ta zo daga baya. A yarjejeniya, ranar da aka saɓa ita ce ranar farawa, ko da wanda aka cuta bai farga ba, sai fa in an yi zamba ko an ɓoye masa da gangan. A ƙarar sakaci kuwa sai ranar da ɓarnar ta auku. Misali a yarjejeniya, wanda aka kawo wa kaya marasa kyau ranar 3 ga Maris 2020, wa'adinsa ya ƙare a Maris na 2026, ko da sai a 2023 ya buɗe kwalin. Kowace ƙasa da nata wa'adin, amma kalmar aikinta ɗaya.

Za ki kuma riƙa ganin "accrued rights" a ƙarshen yarjejeniyoyi, a jimla irin "termination shall not affect accrued rights". Nufinta, ko an soke yarjejeniya, haƙƙin da ya riga ya tabbata kafin sokewar yana nan daram. Mai fassarar da ya rubuta "tararrun haƙƙoƙi" a nan ya kauce, domin haƙƙin yana iya zama guda ɗaya rak.

Mai_Fassara

Wannan magana ta ƙarshe ita nake so in ja. Ina girmama gwajin "taru" da Malam ya kawo, yana da amfani wajen gane inda kalmar ba ta shiga. Amma wajen mayar da jimla Hausa, wanda ya riƙe "taru" ita kaɗai zai fitar da Hausa mai tauri. A bashi, Bahaushe cewa yake ruwa ya hau, ko yana hawa kullum. A ajiya, riba tana taruwa. A hutu, ya tara kwana goma. A amfani, ya kai ga wane, ko wane ne ya ci moriyarsa. A kotu, haƙƙi ya tabbata. A littafin akanta, an shigar da shi kafin biya. Kalma ɗaya ce a Turanci, amma mu aikatau kusan shida muke bukata, kuma sunan da ke gaban kalmar shi zai gaya maka wanne za ka ɗauka.

Sai maƙwabtanta. "Accumulate" ta fito ne daga kalmar Latin mai nufin tsibi, kuma har yau hankalinta na kan tsibin, wato jimillar abin da ya taru. Tana karɓar komai, ƙura, shara, dukiya, hujjoji, kitse a jiki. Kusan duk inda "accrue" ta shiga da ma'anar taruwa, "accumulate" za ta iya maye gurbinta, amma ba ta ɗaukar "to" ɗin nan na mai cin moriya, kuma ba ta da ma'anar kotu ko kaɗan. "Amass" kuma da niyya da ƙoƙari take tafiya, kuma abu mai yawa: "he amassed a fortune", ya tara dukiya mai ɗimbin yawa. Ba a cewa "interest amasses". "Build up" da "mount up" su ne na hira, kuma a baki su Turawa suka fi faɗa. Mutum ba zai ce wa abokinsa wanki ya yi masa "accrue" ba sai da wasa, "the laundry is piling up" zai ce. "Accrue" kalmar takarda ce, ta banki da ofis da kotu da rubutun masana.

Wadda ta fi yaudarar ɗalibai ita ce "incur", saboda kamar sauti, wasu har da "occur" suke haɗawa. "Incur" ita ce mutum ya jawo wa kansa wani nauyi ta hanyar abin da ya aikata: "you will incur a penalty", za a ci ka tara. "Accrue" ita ce abin da ke biyo baya in ka ƙi biya: "penalties accrue monthly", tarar tana ƙaruwa duk wata. "Occur" kuwa aukuwa ce kawai, ba ta ɗaukar karɓau sam.

Neman_Sani

Allah ya saka muku da alheri, kaina ya waye. Don in tabbatar na riƙe, ga jimloli huɗu da na haɗa, a duba min:

"My savings have accrued to 80,000."
"Prices are accruing every month."
"No advantage accrues to the buyer from paying early."
"The account accrues interest from the date of deposit."

Malamin_Nahawu

Amin, 'yar'uwa. Ta uku da ta huɗu lafiya lau suke. Ta ukun ma ta haɗa "to" da "from" kowace a mazauninta, kuma irin jimlar da kalmar ta fi jin daɗin zama ciki ke nan, wadda ake kore amfani ko ake tambayar wa ya ci shi. Ta huɗun ita ce sigar "tara", inda asusu ya zama mai tarawa, ruwa ya zama karɓau. Ki lura "from" a nan lokacin farawa take nunawa, ba tushen kuɗin ba, kuma hakan daidai ne.

Ta biyu ba ta yi ba. Farashi ba ƙari ba ne da ke hawa kan wani abu, lamba ce da ke tashi da sauka, don haka "prices are rising". Haka zafin rana, yawan jama'a, tsayin mutum da gudun mota, duk "rise" ko "increase" ko "grow" ne nasu.

Ta farko ita ce mai santsi. Kin yi amfani da "to" da ma'anar "har ya kai", alhali kunnen mai Turanci ya saba jin sunan mai cin moriya bayan "accrue to". Za a gane nufinki, kuma akan ci karo da irinta a rubuce, amma ba ta da tsabta. Ƙari a kan haka, ajiyar ita ce bokitin. Ki ce "my savings have grown to 80,000". In kuma ƙarin kike son nunawa, "interest of 5,000 has accrued on my savings".

Akanta_A_Ofis

Ƙarin bayani kan ta huɗun, tunda irinta ce ake sa hannu a kai. "From the date of deposit" da "from the value date" ba ɗaya ba ne. Ta biyun ita ce ranar da banki ya ɗauki kuɗin a matsayin sun shiga da gaske, kuma in da caki aka biya tana iya zama bayan ranar da aka kai shi. Kwanakin da ke tsakani babu abin da ke hawa.

Wani wuri kuma da za ki haɗu da "accrued interest" shi ne cinikin takardun lamuni na gwamnati ko kamfani. A ce takarda ce ta 100,000 mai biyan kashi 10 cikin 100 a shekara, ana biya sau biyu, 5,000 duk wata shida. Mai ita ya sayar bayan kwana 60 da biyan ƙarshe. A ƙa'idar 30/360 wata shida kwana 180 ne, don haka ya ci sulusin zangon, 1,666.67. Wanda ya saya shi zai karɓi 5,000 ɗin gaba ɗaya idan ranar biya ta zo, shi ya sa tun ranar ciniki yake ƙara wa mai sayarwa wannan 1,666.67 a kan farashi. Farashin da ba a haɗa da shi ba ana ce masa "clean price", wanda aka haɗa kuma "dirty price". Wanda ya ga na farkon a allo ya tanadi daidai shi, ranar biya zai tarar kuɗinsa ba su kai ba.